Akwai riba a gyaran tsohuwar Chevelle ta 1970?

Wani ɗan kasuwa mazaunin Houston, wanda sana'arsa sayen motoci a gwanjo yana turawa Kwatano da Legas, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na samu Chevrolet Chevelle Malibu ƙirar 1970 a wata gona, ta shekara da shekaru a ajiye. Mai ita ya ce dala 12,000. Ina ganin yadda irinta ke tashi a gwanjon talabijin. In saya in gyara in sayar?"

Alhaji, idan riba kake nema, ni dai ban ba ka shawarar wannan motar ba. Bari in faɗa maka dalili.

Waɗannan motoci masu ƙaton inji, zamaninsu gajere ne. Ana ƙirga farkonsa daga Pontiac GTO ta 1964, kafin tsadar inshora da dokokin hayaƙi da matsalar man fetur ta 1973 su taru su kashe kasuwar. Shi ya sa Amurkawa ke ɗokinsu. Amma ɗokin bai game kowace mota ba. Plymouth Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ƙirar 1971 da aka sayar dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle a 2014, waɗanda aka ƙera irinta a wannan shekarar ba su wuce goma sha 'yan kai ba. Ita kuwa Malibu, dubun dubata aka yi. 'Yar uwarta da ake rububi ita ce Chevelle SS 454 mai injin LS6, mai ƙarfin doki 450. Bodinsu kusan ɗaya, kuɗinsu kuwa sama da ƙasa.

A nan ne lissafin yake karyewa. Mai walda da mai fenti ba ruwansu da ko motar ta gama-gari ce ko ta musamman, awa suke ƙirgawa. Cikakken gyara, wanda ake kwance mota a raba bodi da shasi, yakan ci awa 1,000 ko fiye, kuma garejin da ya san aikin a Amurka yakan karɓi wajen dala 100 a awa, wani ma fiye. Ka ga ladan aiki kaɗai ya tasam ma dala 100,000, ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba, balle kujeru, gilasai, wayoyin lantarki da gyaran inji da giya. Malibu ta gama-gari, komai kyan gyaranta, da wuya ta dawo da wannan kuɗin. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, kuma wanda ya riga ya zuba rabin kuɗin ba ya iya tsayawa, don motar da ke warwatse a kwalaye ba mai tayawa da daraja.

Sai tsatsa, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a motar da ta daɗe a gona. Ka ɗaga kafet ka duba daɓen, ka duba ƙasan but da gefen gilashin baya, ka kai maganaɗisu jikin bodin baya wajen taya. Inda ya ƙi mannewa, an cike gurbin da foti ne. Farashin da gareji zai faɗa maka kafin a kankare fenti, ka ɗauke shi a matsayin somin taɓi.

Wasu za su ce ka liƙa mata tambarin SS ka sa babban inji. Ana yi, kuma ba laifi matuƙar ka faɗa wa mai saye gaskiya, amma ba za a biya ka kuɗin ta asali ba. Lambar shasin Chevelle ta 1970 ba ta nuna ko SS ce, saboda haka masu saye takardar ƙira ta masana'anta suke nema, wadda akan tsinta a ƙarƙashin kujera ko saman tankin mai, sannan su duba ko lambar da aka buga a jikin inji ta yi daidai da ta motar. Ɓoye wannan kuwa algus ne, kuma kasuwar ƙarama ce, suna ba ya daɗewa bai ɓaci ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, buɗe jadawalin farashi na kamfanin Hagerty, wanda ya kasa motoci mataki huɗu gwargwadon lafiyarsu. Ɗauki farashin mataki na 2 (na 1 shi ne mafi kyau), ka cire la'adar gwanjo, kuɗin dako, inshora da hayar wurin ajiya na shekara ɗaya ko biyu, sannan ka cire kuɗin gyara da na sayen motar, ka ga ko riba ta rage. Ka kuma tuna sau nawa jarin nan zai juya a Camry da Corolla ɗin da ka saba turawa cikin wannan lokacin.

Idan ka leƙa ka ga takarda ta nuna SS ce ta asali, to magana ta canza, ka ɗauki masani ya duba ta kafin ka biya. Idan Malibu ce kawai kuma shasinta lafiya, ka taya ƙasa da 12,000, ka tayar da injin, ka gyara birki, ka wanke ta, ka sayar wa mai sha'awar da zai yi sauran aikin da hannunsa a garejin gidansa.