Ga mai neman inda zai koyi haɗa kalangu da kiɗan kwamfuta

Ɗan'uwa wallahi da na ga ka ce kana kaɗa kalangu a biki kuma kana neman inda za a koya maka haɗa shi da kwamfuta, sai da gabana ya faɗi. Ni ma haka na sayar da akuyoyina daga ƙauyenmu gefen Ringim na tafi Kano gun wani mai situdiyo, ya karɓe kuɗin koyo tas. Me ya koya min? Sayo fetur a galan da tada janareto. In ya buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, sai ya karkatar da allon, wai idona na hana shi tunani. Wanda har yau ke ci min rai, ya ce in ɗan kaɗa masa gwaji ne kawai, na zage na yi har hammatata ta yi tsami, can sai ga kiɗana a wayar mai shayi a tasha, an yayyanka an ɗora fiyano, ko sunana babu. Da na yi magana sai ya ce ai kalangu ba shi da mai shi. Allah ya isa, ban yafe ba.

Makarantu akwai, MUSON a Legas, har da IRCAM a Faransa da aka buɗe a 1977 don irin wannan aikin, amma can karatun rubutun kiɗa za su fara tambayarka, ga kuɗi. Ni dai tsohuwar laftof da sankad (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) da makirfo ɗaya suka fitar da ni, sai bidiyoyin YouTube in na sami data.

In ka ji dukanka yana makara a hedifon ba hannunka ba ne, rage bafa (wani saitin sauti a manhajar, in ya yi yawa sauti kan makara) zuwa 128 ko 256. Kuma don Allah kada ka yarda a sa wa kalangu otatun (injin da ke daidaita muryar mawaƙa), hawa da saukar nan da kake yi in ka matse igiyoyin ita ce maganarsa, injin zai miƙar da ita ne. Fara ɗaukar kiɗanka tukuna, sannan kwamfuta ta bi saurinka. Af, ɗakin ƙasa ma ya fi na siminti daɗin ɗauka, jingina katifa a bango.

In ka nace sai situdiyo, tafi da babba a rubuta yarjejeniya, kuma biya rabi. Wace laftof gare ka ma tukuna, akwai sola a garinku?