Jini ya dawo wa Mama bayan al'ada ta ɗauke mata

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya sanyi. Dan Allah ki sakaya sunana. Maganar mahaifiyata ce ta hana ni barci. Shekarunta 58, al'ada ta ɗauke mata wajen shekara 6 kenan, sai gashi tun bayan babbar sallah jini yana zuwa mata, ba mai yawa bane, wani lokacin ɗigo ne kawai wani lokacin kuma ruwa-ruwa mai jaja-jaja ya ɓata mata zani, ya ɗauke kwana biyu ya sake dawowa. Ni ce 'yar fari kinsan kunyar dake tsakani, bata taɓa faɗa min ba, a bakin ƙanwata naji, ita ma don ta lura wasu ranakun Mama bata sallah ne kuma tana aiken yara siyo audugar mata a ɓoye.

Da muka matsa tace ai haila ce ta dawo. Maƙociyarmu tace ciwon sanyi ne ta haɗo mata jiƙo, mai kemis ya bata ƙwayoyi da allura jinin ya tsaya har mun fara murna sai gashi kuma. Mama tana da jiki sosai, ga suga ga hawan jini. Yayarta kuma kansar hanji ce ajalinta tun bata kai 50 ba. Da nayi maganar asibiti tace da girmanta ba zata je ta buɗe jiki gaban yara sa'annin 'ya'yanta ba, kuma inda ciwo ne ai da taji zafi. Wai kuma an taɓa mata gwajin bakin mahaifa akace lafiya lau, dashi take kafa hujja.

Ni ma tsoro ya kama ni Anti, shekarata 35, tunda nayi aure Allah bai bani haihuwa ba, al'adata sai tayi wata uku huɗu bata zo ba kuma jikin Mama na ɗauko. Ya zanyi da ita, ni kuma ya zanyi da kaina?

'Yarki daga Anguwar Rogo, Jos

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya bawa Mama lafiya, ya miki albarka da kika damu da ita haka.

Cikin satin nan zaki kaita wajen likitan mata, kar ki jira jinin ya sake dawowa kuma kar ki jira ta gama jiƙon. Mace mai irin shekarunta da ta shekara guda cif bata ga al'ada ba to ta gama kenan, duk jinin da ya biyo baya ba haila bace ko da ɗigo ɗaya ne, ko da sau ɗaya ya zo ya tafi. Ba ina cewa Mama kansa gareta ba, yawancin masu irin wannan jinin wani abu ne mai sauƙi, ko fatar wajen ce ta bushe tayi siriri saboda girma ko ɗan tsiro ne a cikin mahaifa wanda ake cirewa a wuce wajen. Amma kusan mace 1 cikin 10 idan aka bincika ana samun kansar cikin mahaifa ce, kuma ba mai iya gane wacece wannan ɗayar da ido, ni ban iya ba mai kemis ma bai iya ba.

Maganarta ta cewa bata jin zafi ita tafi tada min hankali, don da yawa daga iyayenmu haka suke auna ciwo. Wannan cutar da jini take fara sallama, wajen mata 9 cikin 10 da ke ɗauke da ita jini ne farkon abinda suka gani, ciwon mara da rama sai tafiya tayi nisa suke zuwa. Kuma wallahi wannan jinin rahama ne, saboda shi yasa ake kama ta da wuri tun tana cikin mahaifa bata fita ba, a lokacin kuwa sau da yawa aikin cire mahaifa kaɗai ya isa, mafi yawan matan da aka kama tasu a wannan matakin suna warkewa su ci gaba da rayuwarsu.

Gwajin da aka mata kuma na bakin mahaifa ne, can ƙofa, kansar bakin mahaifa kuwa cuta ce daban, ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, ita ce wadda aka fara yiwa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a Najeriya a 2023. Wadda nake miki magana a shimfiɗar cikin mahaifa take tasowa, wannan shimfiɗar da ke zubewa duk wata lokacin al'ada, kuma wancan gwajin ba don ita aka yi shi ba.

Abinda yasa nake matsa miki akan Mama musamman shine jikinta. Akwai sinadarin estrojin a jikin mace, shi ke sa shimfiɗar nan tayi kauri, akwai kuma furojestaron mai taka masa birki. Idan al'ada ta ɗauke furojestaron ya tafi, amma kitsen jiki yana ci gaba da samar da estrojin, sai shimfiɗar tayi ta kauri kamar ciyawar da ake ta bawa ruwa ba mai yanka, a cikin wannan kaurin cutar ke samun wajen zama. Ga ƙiba ga suga ga shekaru sun haura 50, duk ta haɗa. Rasuwar yayarta ma kar ki manta ki faɗawa likita, akwai wani gado da ake kira Lynch mai haɗa kansar hanji da ta mahaifa a dangi ɗaya, kuma samun ta kafin shekara 50 yana sa likitoci su kasa kunne.

Ki kaita asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo ko Plateau Specialist ko Jankwano, ki yanki kati kice ɓangaren mata kuke so. Za'a mata sikanin ta gaba a auna kaurin shimfiɗar, idan milimita 4 ce ko ƙasa da haka hankali yakan kwanta, idan ta fi haka ko jinin yaƙi tsayawa sai a sa ɗan siririn bututu a ɗebo kaɗan a kai lab, minti kaɗan ne, murɗawar mara zata ji kamar ta al'ada. Wani lokacin sai an yi wankin mahaifa ko an leƙa da kyamara. Sikanin na kan ciki da ake yi a 'yan shagunan hoto ace miki komai lafiya bai wadatar ba, ki tabbata likitan mata ya gani.

Kunyar kuwa na gane ta, kuma ke 'yar fari ba bakinki bane zai shawo kanta. Ki nemo wadda take jin nauyi, ƙanwarta ko aminiyarta ko malamarsu ta Islamiyya. Ki bi ta hanyar sallar nan da take ajiyewa, mace irin Mama zata iya raina ciwo amma ba zata so ace tana barin sallah akan jinin da ba haila ba, kuma malamar ma zata so jin abinda likita yace kafin ta bata hukunci. Kuna da damar roƙon likita mace ta duba ta, ku tambaya tun wajen kati, kuma ki bari ƙanwarta ta shiga da ita ke ki tsaya a waje.

Ke kuma 'yata ki yanki naki katin ranar. Al'adar da ke yin wata uku huɗu bata zo ba ga ƙiba ga jinkirin haihuwa, yana kama da abinda likitoci ke kira PCOS, ƙwai baya fita akan lokaci, shimfiɗar ta zauna ba'a zubar ba, irin matsalar Mama ce ta wata hanyar. A shekarunki kansar nan ba kasafai take zuwa ba, kuma kina da lokacin gyara. Likita zai iya baki maganin da zai riƙa saukar da al'adar akai-akai, kuma tunda haihuwa kike nema akwai na taimakawa ƙwai ya fita. Ga wadda bata neman ciki, ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu da robar mahaifa mai furojestaron duk suna rage haɗarin sosai. Ki auna suga, ki rage lemon kwalba da shayi mai cokali uku na suga duk da nasan sanyin Jos, ki riƙa takawa minti 30 kusan kullum, ko kaɗan kika rage a nauyinki al'adar kan fara daidaita.

Ki tafi da kwalayen duk magungunan da Mama take sha har na mai kemis ɗin da jiƙon, ki kuma tambayi ƙanwarki ta rubuto miki ranakun da ta lura jinin ya zo. Idan sakamako ya fito ki sake rubuto min.