Tambaya da Amsa: Sabuwar ƙota ga babbar wuƙa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mahauci ne a Tawa. Babbar wuƙata ƙarfenta lafiya lau, amma ƙotar ta tsage, tana girgiɗi a hannu. Ina so in yi mata sabuwa da kaina kafin Layya. Wane itace zan nema, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, naɗe kaifin da kwali ka ɗaure shi tamau. Sannan fasa tsohuwar ƙotar ka duba wutsiyar ƙarfen, wato ɓangaren da ke shiga cikin ƙotar, don ita ce za ta gaya maka irin aikin.

In wutsiyar mai faɗi ce da ramuka, itace falle biyu za ka yanka, kowanne tsawon santimita 12, kauri kamar santimita 1. Ƙirya da kanya su ne gaba, aduwa ma tana yi. Gawo kuwa bar shi, taushi gare shi. Abin da ya fi sunan itacen muhimmanci shi ne bushewarsa: ɗanyen itace zai zauna daram yau, amma hunturu na busawa sai ya tsuke, ya saki ƙarfen. Guntun tsohuwar taɓarya da ta karye ya fi sabon sara.

Ɗora ƙarfen a kan falle ɗaya, ka huda ta cikin ramukan wutsiyar, sannan ka haɗa na biyu ka huda ta cikin na farkon. Masu auna kowanne daban su ne ramukansu ba sa haɗuwa. Gyara bakin itacen na wajen kaifi tun yanzu, don bayan an manna, magagari zai karce ƙarfen. Kankare tsatsa, ka goge wutsiyar da alkol na kantin magani. Wuƙar fawa ta sha kitse, gam kuwa ba ya kama maiƙo.

Gam ɗin da ake haɗa kala biyu, irin Araldite, shi za ka sa, kashi ɗaya na wannan, kashi ɗaya na wancan. Nemi mai jinkirin bushewa, ya fi na minti biyar ƙarfi. Shafa, zura ƙusoshin tagulla masu kaurin milimita 4 ko 5, ka ɗaure da igiyar roba ta tib ɗin taya. Kada ka matse har gam ɗin ya tsiyaye duka. Bar ta awa 24. Daga nan ka yanke ƙusoshin ka dandaƙa kawunansu a hankali. Bugu da ƙarfi shi ke tsaga ƙirya.

In kuwa wutsiyar siririya ce, gungumen itace guda za ka huda ka zura ta. Maƙera kan gasa wutsiyar ta ƙona wa kanta hanya. Dabara ce mai kyau, amma sai an naɗe sauran ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma, domin in zafi ya hau har ya yi shuɗi, wurin ya rasa taurinsa, ba zai riƙe kaifi ba. A kuma kankare gawayin cikin ramin kafin a zuba gam, in ba haka ba shi zai marmashe, girgiɗi ya dawo.

Wajen sassaƙa, kada ka yi ta kewayayya sumul. Yi ta da ɗan faɗi ta gefe, ka bar tudu kusa da kaifi, saboda hannu mai jini yana sulɓi.

Tambaya: Ina Yamai. Ina sha'awar naɗe ƙotar wuƙata da jar fata don ado. Zai yi?

Amsa: Ga wuƙar ado ko ta tafiya, zai yi. Sayi fatar akuya jemammiya wurin dukawa, a yanka ta siriri kamar faɗin santimita 1. Jiƙa ta kaɗan, ka naɗa da ja, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Tana bushewa za ta ƙara kamawa. Cusa ƙarshen ƙarƙashin naɗin da ɗigon gam. Amma in wuƙar yanka ce, a'a: fata na shan jini da kitse, ta yi wari, wanki kuma ba ya fitar da shi.

Tambaya: Wane mai zan shafa wa itacen?

Amsa: Kakin zuma. Narka shi, ka shafa da ɗumi, ka murza da tsumma, sau biyu ko uku. Man gyaɗa yana daɗewa ya yi ɗoyi, baƙin man mota kuwa bai dace da abin da ke taɓa nama ba. Kuma kada a bar wuƙar jiƙe cikin bokiti: a wanke, a tsane ta nan take.