Abokan aikina sun ce ni "filthy rich" ne, zagi ne?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a sito a Birmingham ta Ingila ya rubuto cewa ya nuna wa abokan aikinsa hoton gidan da yake ginawa a Katsina, sai ɗaya ya ce masa "you're loaded", wani ya ƙara da "filthy rich". Ransa ya ɓaci, da yake "filthy" na nufin mai ƙazanta, yana zaton dukiyar haram ake jingina masa. Yana kuma shirin ɗauko matarsa.

Malam, kwantar da hankalinka, ba wanda ya taɓa mutuncinka. Raha ce irin ta wurin aiki, kamar yadda a gida za a ga ka ɗinka sabuwar shadda a ce "Alhaji, ka faso gari". "Filthy rich", "loaded", "minted" da "rolling in it" duk nufinsu mutum ya tara abin duniya, ba su da alaƙa da halal ko haram. Tsofaffinsu kuma za ka ji suna cewa wane "is not short of a bob or two". Wannan "bob" ɗin sule ne, wanda suka daina ƙirga kuɗi da shi a 1971, mu ma muka bar shi a 1973 da naira ta zo.

Amma ka fahimce su kawai, kada ka faɗe su a kanka. Bature yana tsokanar wani da arziki, ba ya yabon aljihunsa, kuma ba a yin irin wannan magana gaban manaja ko a banki. Ni da za ka ji tawa, ka daina nuna hoton ginin nan. Ba su san fam ɗaya ya haura naira dubu ba, ba su san ƙarin awoyi nawa ka yi kafin a ɗora bulo ba. Ranar da ka nemi ƙarin albashi, wani zai tuna.

Batun uwargida shi ne ya fi damuna. Idan kana da takardar zaman dindindin ko fasfon Birtaniya, tun daga Afrilun 2024 ma'aikatar cikin gida tana neman albashin fam 29,000 a shekara kafin a ba ta biza. Hoton gida a Katsina ba ya cikin abin da za su duba. Takardun albashi na wata 6 da bayanan asusun banki za su nema, don haka ka fara adana su tun yanzu, kuma ka tabbata albashin ta banki yake shigowa, ba a hannu ba.