Na bar suga, na rage tuwo, amma sugana na safe sai hawa yake: me ke faruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni malamar makaranta ce a nan Tudun Wadan Gombe, shekaruna 46. Wata takwas da suka wuce aka auna ni aka samu 112 kafin in karya, aka ce ban kai ga ciwon suga ba amma ina kan boda. Tun ranar na bar suga a shayi, na bar lemon kwalba da burodi, na rage tuwo, na sayi mita ina aunawa a gida, har ya sauko 98 zuwa 102 ina ta murna. To wajen sati shida kenan kullum da safe sai in ga 110, 115, jiya ma 119, kuma wallahi ban canza komai ba. Yanzu har abincin dare na daina ci amma kamar ƙara shi nake yi. Ga ciwon gwiwa da nake shan haɗin kemis a kai, ga zafin nan ba barci. Dan Allah ciwon ne ya kama ni?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara lafiya. Da farko dai na yarda da ke cewa ba ki canza komai ba, don na san da yawa in suka kawo irin wannan kukan abin da ake fara ce musu shi ne "kin dai ci wani abu a ɓoye", kuma wannan maganar tana karya zuciyar mutumin da ya yi wata takwas yana kallon ana shan shayi da burodi a gabansa ya daure. Ki koma cin abincin darenki tun yau, zan yi miki bayanin dalili.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne sugan da kike gani da asuba ba tuwon jiya ba ne. Wanda ya shiga jini daga abincin dare, cikin 'yan awanni jiki ya gama da shi. Wanda ke yawo a jininki da safe hanta ce ta sako shi, don hanta kamar rumbu take, tana ajiye suga ta riƙa tsakuro wa jiki kaɗan kaɗan cikin dare saboda ƙwaƙwalwa ba ta hutawa ko kina barci. Daga wajen ƙarfe 3 ko 4 na dare jiki yana fara sakin wasu sinadarai na tashi, irin su kotisol, su ne ke ce wa hanta gari ya kusa wayewa a ƙaro suga. Kowa haka yake faruwa da shi, bambancin kawai mai cikakkiyar lafiya insulin ɗinsa, wato sinadarin jiki da ke saukar da suga, yana tsawata wa hantar ta tsaya daidai, shi kuma wanda ke kan boda hantarsa ba ta jin maganar insulin sosai sai ta zarce. Shi ya sa mace za ta kwana da yunwa ta tashi ta ga 119 ta rasa daga ina ya fito, kuma a wasu mutanen tsawaita yunwar ma ƙara wa hanta ƙaimi yake. To tunda abinci bai canza ba, tambayar da ya kamata mu yi ita ce me ya canza a jikinki ko a rayuwarki cikin sati shidan nan, kuma kin riga kin ba ni amsoshi biyu a ƙarshen saƙonki ba ki sani ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne haɗin kemis ɗin nan na gwiwa. Dan Allah ki warware takardar ki duba, ko ki koma ki tambayi mai kemis ɗin sunan kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa a irin wannan haɗin na ciwon gaɓɓai ana saka deksametazon ko firedinisolon, 'yan ƙananan ƙwayoyi ne, suna sa ciwo ya lafa da wuri shi ya sa ake son su, amma suna daga cikin magungunan da suka fi ta da suga. Ita deksa ɗin ita ce dai wadda 'yan mata ke sha don ƙiba, kuma danginta na cikin wasu mayukan bilicin da allurar da ake yi wa mutane a gwiwa. Na taɓa ganin wata dattijuwa da jikarta ta kawo daga wajen Kumo, suga ya haura musu ba dalili, fuskarta ta yi wani cika kamar mai jin daɗi har 'yan gida na cewa ta murmure, muna cikin hira ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar takarda a ƙulle, ƙwayoyi biyar ne a ciki, ta ce wannan shi ne ke ba ta damar durƙusawa ta yi salla, wata uku tana sha safe da yamma. Biyu daga cikin biyar ɗin deksa ne. Muka janye mata a hankali, sugan ya koma inda yake. Ki lura na ce a hankali, in har kin yi makonni kina sha kar ki yanke rana ɗaya, yankewa farat ɗaya yana da nasa haɗarin, likita ne zai tsara miki yadda za ki sauka. In kuma kina shan maganin hawan jini mai sa fitsari ko na rage kitsen jini, su ma suna iya ɗan ɗaga suga kaɗan, amma waɗannan kar ki taɓa su da kanki, ki dai faɗa wa likitan da ya rubuta.

Sai barci. Mu da ke Gombe mun san yadda Maris da Afrilu suke, ɗaki ya zama kamar tanda, ba wuta, a fito tsakar gida sauro ya hana sakat, sai wajen ƙarfe biyu iska ta ɗan sanyaya mutum ya runtsa, kafin ka ce me an kira assalatu. Kwana kaɗan na ƙarancin barci ya isa ya sa jiki ya rage jin insulin, wannan an auna an tabbatar ko a jikin matasa masu lafiya ƙalau. Ki haɗa da gumin da ake zubarwa ba a rama da ruwa, jini ya ɗan yi kauri, ki haɗa da ciwon gwiwar kansa, don ciwo da damuwa duk kotisol ɗin nan suke tayarwa, kuma na tabbata tun da gwiwar ta fara kin rage zirga-zirga ko ba ki lura ba, inda da kike takawa yanzu sai Napep. Kin ga abubuwa huɗu sun haɗu miki a lokaci ɗaya. In ana ce miki kina minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, shi ma ki faɗa a asibiti. Zazzaɓin maleriya, ciwon haƙori da ya ƙi warkewa, ciwon mara ko sanyin fitsari, duk suna ɗaga suga na ɗan lokaci. Sannan a shekarunki, in al'ada ta fara rikicewa tana shirin ɗaukewa, kitse kan koma taruwa a ciki kuma suga kan ɗan motsa, wannan ba laifin kowa ba ne.

Ita ma mitar kar a ba ta gaskiya ɗari bisa ɗari. Ƙa'idar da ake ƙera irin waɗannan na'urorin a kai ta yarda su kauce da kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa in suga ya kai 100, wato in ainihin suganki 110 ne mita mai kyau za ta iya nuna miki 95 ko 125 kuma ba a ce ta lalace ba. Ga kuma sitirip, ɗan tsinken nan da ake ɗiga jini a kai a saka a mita, wanda zafi da danshi ke lalata shi. Ki tambayi kanki, sati shidan nan ba sabon gwangwani kika buɗe ba? Ina kike ajiye shi, kan taga ko cikin jaka a rana ko kusa da kicin? Kina rufe murfin da zarar kin ɗauki ɗaya? Kin duba ranar ƙarewar aikinsa? Akwai direban da ke ajiye nasa a aljihun mota, rana ta gasa su, ya zo hankali a tashe. Sannan hannu, ki wanke da sabulu ki shanya sosai kafin ki huda, musamman yanzu lokacin mangwaro, ɗan danƙon da ya rage a yatsa ya isa ya ba ki lambar da za ta hana ki sukuni. Lokacin awon ma yana da tasiri, wadda ta auna tana tashi sallar asuba da wadda ta bari sai ta gama shara ta shirya yara ƙarfe takwas ba lallai su ga abu ɗaya ba ko da ba wadda ta sa komai a baki.

Abincin ma bari in ɗan taɓo shi tunda ya kan canza a sace. Mutanenmu sun ɗauka tuwon alkama da acha ba su da laifi ko malmala nawa aka ci, alhali su ma sitaci ne, yawan ne ke magana. Zuma suga ce, dabino suga ne, lemon malt da ake ba mara lafiya don ya ƙara jini cike yake da suga, kuma da zafi ana yawan kurɓar zoɓo da kunun aya da fura na saye ba a lissafa su cikin abinci. A ɗaya ɓangaren kuma wanda ya yanke sitaci gaba ɗaya shi ma sugansa na safe kan iya ɗan hawa, kuma in ramewar ta cinye tsoka ya yi asara, don tsoka ita ce babbar mai shanye suga bayan an ci abinci. Don haka ki ci abincin dare da wuri, bayan magariba, ba sai goma ba: tuwo kamar dunƙulen hannunki, miyar ganye ta fi tuwon yawa, ko wake, ko alala, ko kwaɗon zogale da ƙuli da ƙwai, in da hali kifi. Bayan kin ci ki taka minti 10 zuwa 15 ko a tsakar gida ne gwargwadon yadda gwiwa ta bari.

Ga abin da nake so ki yi na sati biyu. Ki samu ƙaramin littafi, kullum ki rubuta ƙarfe nawa kika ci abincin dare da abin da kika ci, ƙarfe nawa barci ya ɗauke ki, da awon safe a lokaci guda kullum bayan aƙalla awa 8 ba ci. Sau biyu ko uku a cikin kwanakin ki auna kafin ki kwanta, ki kuma aunawa wajen ƙarfe 3 in kin tashi nafila, sai na asuba. In kika ga kin kwanta da 105, ƙarfe uku 96, da safe 116, to aikin hantar nan ne na goshin asuba. In kuwa tun kwanciya yana can 150 ko sama bai sauko ba, to abincin dare ko maganin nan za mu tuhuma, don su deksa sun fi nuna kansu bayan cin abinci da rana zuwa dare. Ba sai kin yi ta huda yatsa sau goma a rana ba, sitirip da tsada kuma fargabar ma kanta ba ta taimaka miki.

Amma hukunci na ɗakin gwaji ne ba na mitar gida ba. Ki je babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a ɗebi jini ta jijiya kafin ki karya, ki tafi da mitarki ki auna a take a wurin ki ga ko sun yi kusa. Daga 100 zuwa 125 har yanzu boda ce, 126 ko sama a rana biyu daban shi ne ciwon suga. In takardar ta fito da ƙananan lambobi irin 6.3 kar ki rikice, ki ninka da 18 za ki samu irin ta mitarki. Ki nemi a yi miki HbA1c, shi yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, 5.7 zuwa 6.4 boda, 6.5 zuwa sama ciwon ne. Sai dai in kina da sikila, ko ƙarancin jini, ko an yi miki ƙarin jini kwanan nan, ki faɗa tun kafin a ɗiba don gwajin kan ba da sakamakon da ba daidai ba a irin wannan yanayin.

Ba zan ɓoye miki ba Malama, akwai waɗanda ke yin duk abin da aka ce amma sugan ya ci gaba da hawa a hankali, musamman in akwai shi a dangi, kuma in haka ta kasance shan metfomin, ƙwayar rage suga, ba faɗuwa ba ce. Babban binciken da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, kan mutum sama da 3,000 da ke kan boda irin ki, ya nuna waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a sati haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, masu shan metfomin kuma da kashi 31. Kin ga abin da kike yi shi ne mafi ƙarfi a cikin biyun, kuma lambobinki har jiya ba su tsallaka 125 ba. Abin da ba zan so ki jira sati biyun a kansa ba shi ne in kin fara jin ƙishirwa mara yankewa, fitsari dare da rana, ramewa ba da niyya ba, gani na dishi-dishi, ko mita ta nuna 200, wannan washegari ki kama hanyar asibiti. In kuma babu ko ɗaya, ki cika littafinki, ranar zuwa ki saka shi a jaka tare da mitar da gwangwanin sitirip ɗin da ƙullin maganin gwiwar nan yadda yake, kar ki zubar da ko ƙwaya ɗaya kafin likita ya gani.