Eko bai nuna tsakuwa ba, amma idanun Inna sun yi rawaya

Ƴar'uwa, kin tambaya ko Inna za ta iya samun tsakuwa a bututun matsarmama alhali hoton eko (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka da sauti) da aka yi mata nan Damagaram bai nuna ba. E, za ta iya. Eko yana ganin tsakuwar cikin jakar matsarmama sosai, amma ƙarshen bututun yana bayan hanji, iskar hanji kuwa takan rufe shi. Ki duba takardar: in an rubuta faɗin bututun ya wuce milimita 6, yana iya zama alama ce wani abu ya tare hanya. Ki roƙi likita ya haɗa da awon jini na hanta, ya kuma duba ko a yi mata IRM (hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu) na hanyoyin matsarmama, ko da sai an je Yamai. IRM ya fi sikana (hoton CT) gano irin wannan tsakuwa.

Na yi jinyar yayata kan wannan ciwo, sai a eko na biyu, bayan ta kwana ba ta ci komai ba, aka ga bututun ya kumbura. Amma don Allah, in zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da ciwon shawarar, wato rawayar idanun, kada ku tsaya jiran hoto ko jiƙo, ku kai ta asibiti a ranar.