Tambayoyin Masu Karatu: Koyon Aikin Mataimakin Likitan Gashin Ƙashi a Amurka

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga sana'a ɗaya, wato mataimakin likitan gashin ƙashi, wanda a Amurka ake taƙaitawa da PTA. Masu amsa tambayoyinmu na fannin lafiya sun zaɓo uku.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare a nan Bronx, yana son karatun PTA a kwalejin gwamnati. An ce shekara biyu ne kacal. Daga ina zai fara? *Wata uwa, New York.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi masa albarka. Shekara biyun gaskiya ce a takarda, zangon karatu biyar ne galibi, amma ki sa ran uku, domin samun gurbi a kwaleji daban, samun gurbi a sashen PTA daban. Kwalejin tana karɓar kusan duk wanda ya nema. Sashen kuwa ajinsa ƙarami ne, a wurare da yawa bai wuce mutum ashirin zuwa talatin ba a shekara, kuma sau ɗaya ake ɗauka.

Kafin ya cike fam ko ɗaya, ya duba ko CAPTE, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan wannan fanni a Amurka, ta amince da kwas ɗin. Jerin makarantun yana shafinta na intanet. Wanda ya gama a makarantar da ba ta cikin jerin ba zai samu damar zama jarrabawar lasisi ba, ko da ya fi kowa maki. Kuɗi da shekaru sun tafi ke nan.

Sai darussan share fage: ilimin sassan jiki da yadda suke aiki kashi na ɗaya da na biyu tare da ɗakin gwaji, rubutun Turanci, lissafi, ilimin halayyar ɗan Adam, wasu kuma su ƙara kalmomin likitanci. A nan yara suka fi yin tuntuɓe. Za su ga an rubuta cewa mafi ƙarancin matsakaicin maki 2.5 ne ko 3.0 bisa 4.0, sai su ɗauka da sun kai nan shi ke nan. Alhali yawancin sassan jera masu nema suke yi bisa maki, su yanke daga sama, kuma darasin sassan jiki ya fi kowane nauyi a lissafin. Mai C a wannan darasi ya cika sharaɗi, amma da wuya sunansa ya fito. Shawararmu, kada ya haɗa shi da wasu darussa masu nauyi a zango ɗaya, kuma kada ya ɗauke shi a gajeren zangon bazara idan yana aiki. Wasu makarantun ma ba sa karɓar darasin kimiyya da ya haura shekara biyar zuwa bakwai.

Makarantu da dama suna neman sa'o'in kallon aiki, wato ya je ya tsaya yana ganin yadda ake yi, likita ya sa hannu a takarda. Adadin ya bambanta, don haka ya karanta na makarantarsa. Idan ya samu dama ya raba sa'o'in gida biyu: asibitin kwanciya ko gidan kula da tsofaffi, da kuma asibitin je-ka-ka-dawo. Na farkon ya fi wuyar samu, ya fara nema da wuri. Wasu suna ƙara TEAS, jarrabawar shiga kwasa-kwasan kiwon lafiya, ko ganawa baki da baki.

Bayan an ɗauke shi akwai binciken ko yana da tarihin laifi, gwajin shan ƙwaya, gwajin tarin fuka, shaidar koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, da katin rigakafi. Allurar ciwon hanta nau'in B mai zubi uku takan ɗauki wata shida kafin ta cika, to kada a bar ta sai ana gobe tafiya asibiti.

Tambaya: Na samu gurbi, zan fara a watan Agusta. Me ya fi kayar da ɗalibai? Kuma ina sa hijabi, na ji ana taɓa juna a aji. *Wata ɗaliba, Ohio.*

Amsa: Barka da arziki, ƙanwata. Abin da kika ji haka yake. Ɗalibai a jikin juna suke koyo: a lalubo kan ƙashi, a bi tsoka da yatsa, a auna lanƙwasar gwiwa da ma'aunin kusurwa, a gwada ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5. Kayan ɗakin gwaji galibi gajeren wando ne da riga mara hannu. Ki je wurin shugabar sashe tun kafin a buɗe, ki nemi abokiyar gwaji mace da labule, ki kuma nemi a rubuta abin da kuka cimma. Amma mu gaya miki gaskiya, a asibiti za ki riƙe majinyata maza da mata, wannan ba ya kaucuwa. Ki yanke shawara a kansa yanzu.

Abin da ke kayar da mutane ba rubutacciyar jarrabawa ba ce kaɗai, ta aikin hannu ce. Malami zai zauna a keken guragu ya ce shi mai shanyewar ɓarin jiki ne, ki mayar da shi gado. Ko kin iya komai, idan kika manta ɗaure birkin keken, ko ba ki ɗaura masa ɗamarar riƙo a ƙugu ba, a makarantu da yawa kin faɗi nan take. Dalili a fili yake, majinyaci na gaske da ya zame zai iya karya ƙugu.

Haka ƙananan adadi. Sandar hammata: a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakanin kanta da hammata, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe digiri 20 zuwa 30. In ta yi tsawo, mutum zai rataya a kanta ya danne jijiyoyin hammata, hannu ya mutu. Sandar dogarawa a hannun ɓangare mai lafiya ake riƙe ta, ba na ƙafar da ke ciwo ba. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Jakar gashi mai zafi tana fitowa daga ruwa mai zafin digiri 70 da ɗoriya, sai an shimfiɗa tawul ninki shida zuwa takwas, a duba fata bayan minti biyar, kuma ba a kwantar da mutum a kanta. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji ba zai ce miki yana ƙonewa ba. Wanda aka yi wa tiyatar canja gaɓar ƙugu ta baya, kada ya lanƙwasa shi fiye da digiri 90 ko ya harɗe ƙafafu.

Darussan a jere suke kamar zobba. Kika faɗi ɗaya, sau da yawa sai ki jira aji na gaba, shekara guda. Zaman asibiti kuma cikakken yini ne, jimillarsa wajen mako goma sha shida, ba albashi, kuma ana iya tura ki nesa. Ki tanadi kuɗi da abin hawa tun yanzu, aikin dare ba ya tafiya tare da shi.

A ƙarshe akwai jarrabawar ƙasa, NPTE, wadda FSBPT, gamayyar hukumomin ba da lasisi na jihohi, ke shiryawa sau huɗu a shekara. Makin yana tsakanin 200 da 800, ana ci da 600. Sau shida kawai mutum zai iya zamanta a rayuwarsa. Lasisin kuwa jiha ce ke bayarwa, wasu jihohin da ƙarin jarrabawa kan dokokinsu.

Tambaya: Ina son in zo Amurka in yi PTA, daga nan in zarce in zama cikakken likitan fisiyo, wato na gashin ƙashi, in zauna. Hanya ce mai ɓullewa? *Wani matashi, Kano.*

Amsa: Malam, a ganinmu wannan doguwar hanya ce, mai zagaye. Mataimaki ba ya yin gwajin farko, ba ya tsara magani, yana aiwatar da abin da likitan ya tsara ne a ƙarƙashin kulawarsa. Cikakken likita a Amurka sai da digirin DPT, wato digirin dokta a fannin gashin ƙashi, shekara uku bayan digirin farko, kuma darussan aikin PTA galibi ba sa rage maka komai a ciki. Makarantun da ke da gada tsakanin biyun, irin su Jami'ar Findlay a Ohio, 'yan kaɗan ne.

Batun zama ya fi haka tsauri. Bizar ɗalibi tana ba da izinin aiki na wata goma sha biyu bayan kammalawa. Bizar ƙwararru ta H-1B kuwa aikin da ke buƙatar digiri take nema, PTA kuma shaidar shekara biyu ce. Ga shi an tsaurara ba 'yan Najeriya da Nijar biza tun 2025, don haka ka tabbatar da halin da ake ciki daga ofishin jakadanci kafin ka biya ko kwabo.

Tunda a Kano kake, Jami'ar Bayero tana koyar da cikakken digirin fisiyo, haka Jami'ar Maiduguri, kuma hukumar MRTB ce ke rajistar masu aikin a Najeriya. Wanda ya gama ya yi horon shekara ɗaya, idan daga baya ya so Amurka, takardunsa zai aika wa cibiyar tantancewa irin FCCPT ta auna su, ta gaya masa darussan da suka rage ya cike.